Madubin da Na Kai Faransa

An sare tsamiyar da ke bakin iyaka, ban ma san yaushe aka sare ta ba. Satin da ya wuce na sa aka kai ni Magama a bayan babur, ni da ba na cika fita ba yanzu, na tarar an zuba siminti a inda take, an kafa ƙofar ƙarfe, manyan motoci sun yi layi har inda ido ya ƙare, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna barci da rana tsaka. Abin da ya kai ni shi ne waya da aka bugo daga ƙetare cewa Inna ta rasu, ƙanwar mahaifiyata, mutum ta ƙarshe a duniya da za ta iya faɗa mini yadda fuskar uwata take. Wani ma'aikaci mai ladabi, wanda a haife na haifi ubansa, ya ce mini, "Baba, yau ba a wucewa, sai dai ku yi haƙuri." Masu babura suka yi caa a kaina, kowa na cewa zai bi da ni ta daji. Na dubi ƙafafuna, na dubi dajin da yanzu ko mai jini a jika ba ya shigarsa sai da addu'a, na ce a mai da ni gida. A hanya na yi ta jiran hawaye, ba su zo ba. Abin da na ji kawai shi ne irin abin da ƙafa ke yi in an daɗe zaune a kanta, ka taɓa ta, ka san taka ce, amma ba ka jin komai.

Lokacin da nake yaro a Jibiya ba wanda ke cewa Nijar a gidanmu, Faransa muke cewa. In aka ce wane ya tafi Faransa, ni a raina ya tafi inda ƙasa ma wani launi gare ta, inda Turawa ke yawo a titi da takalma masu ƙara. Ban san tafiyar ba ta kai nisan da muke yi neman ciyawar awaki sau uku ba. Duniyata a lokacin ba ta wuce tsakar gidanmu da gulbi ba. Da asuba ƙarar dutsen niƙan Kaka ke tashe ni, sai kukan tantabaruna a cikin tukwanen da na kafa musu a jikin katanga, sai jakin maƙwabta da ba ya saɓa lokaci. In rani ya yi gulbi ya ƙafe, mu tona yashi da sakaina, mu zauna muna jiran ruwa ya tsatso, mu cika tulu da moɗa ɗaya-ɗaya. Yanzu yara na murɗa famfo, in ruwa ya yi jinkiri kaɗan su ce an wahalar da su. Ba na yi musu faɗa, don in da ni ma na sami famfon da ban tona yashi ba.

A gidan nan ba mai kiran sunana. Ni ne ɗan fari, kuma sunan kakana aka sa mini, mijin Kaka wanda ya rasu tun kafin a haife ni. Baba ba zai faɗi sunan ubansa ba, balle na ɗan farinsa, don haka a bakinsa ni "Kai" ne, in abin ya yi daɗi kuma "Kai yaro". Kaka ba za ta faɗi sunan mijinta ba, sai ta ce mini Maigida, ta yi ta tsokanata wai na bar ta ba cefane. Duk unguwa suka ɗauka, har yaran da na girma suna ce mini Maigida. Sunana na yanka a bakin malamin makaranta kawai nake jin sa, shi ma sai in zai yi mini bulala. Ban ɗauki wannan a matsayin rashin so ba, haka na tashi na ga ana yi. Abokina da muke tonon yashi tare, shi ma ɗan fari ne, in ya shiga gida uwarsa sai ta kau da kai ta yi magana da bango, ta ce a gaya wa wancan tuwonsa na rufe. Bambancina da shi, shi ya san fuskar da ke kau da kan.

Ni ban san ta uwata ba. Auren iyayena ya mutu ana yaye ni, ba faɗa ba tashin hankali, Kaka ta ce abincinta ne ya ƙare a gidan. Ta koma garinsu a ƙetare, daga baya ta yi wani aure can ciki, ni kuma aka bar ni a hannun Kaka. Ba hoto a zamanin, in ban da na takardar masu zuwa Makka. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambayi Kaka yadda uwata take, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mutum ce mai kai guda da ƙahwa biyu. Tashi ka ba awaki ruwa." Daga nan ban sake tambaya ba, amma ban daina ƙera mata fuska a raina ba. Wata rana in ba ta fuskar mai sayar da nono, wata rana ta matar liman, duk macen da ta yi mini murmushi a kasuwa sai in ara mata fuskarta na kwana biyu.

Ina da kamar shekara goma sha ɗaya, bayan an gama yankan gero, wani mai raƙumi ya kawo saƙo cewa kakana na wajen uwa ya rasu. Kaka ta ce dole a je sadakar bakwai, don mutuwar aure ba ta kashe zumunci, kuma tsohon ya yi mata mutunci a zamaninsa. Ƙanen Baba, wanda nake kira Baffa, yana tuƙa wa wani ɗan kasuwar gyaɗa akori-kura, ya roƙi aronta na kwana biyu. Kaka ta same ni ina ba tantabaru dawa ta ce, "Maigida, wanke 'yar rigakka, jibi za mu Hwaransa gaisuwa. Uwarka ma tana can, ta zo mutuwar ubanta." Ta faɗi haka ta wuce, kamar ta ce mini gishiri ya ƙare. Washegari ranar kasuwa ce. Na kama tantabaruna biyu da na fi so, farare masu gashi a ƙafa, na kai wa wani ɗan koli da ya daɗe yana roƙona su, ya ba ni madubi a madadinsu, ɗan ƙarami, zagayayye, bai wuce tafin hannu ba, bayansa gwangwani mai kore. Ban gaya wa kowa ba. Na naɗe shi a tsumma na cusa a aljihun wando, hannuna bai bar aljihun ba har muka tashi.

Baba ya zauna gaba kusa da Baffa, ni da Kaka a baya kan buhun geron sadaka, ta rufe kai da gyale tana jan carbi tana zagin gargadar hanya. Ban ƙoshi da kallon bayan gari ba sai ga mu a gindin tsamiyar nan. Iyakar da na yi shekaru ina tsoro, ashe wani dogon icce ne aka gitta a kan ganguna biyu. A inuwar tsamiya wata mata na toya ƙosai, akuya na ratsawa ta ƙarƙashin iccen tana komowa ba mai tambayarta takarda. Wani tsoho ya ɗaga mana iccen, muka ɗan taɓa tafiya muka tarar da wani iccen, da jandarma, wato ɗan sandansu, sanye da gajeren wando da hula mai baki. Ya yi wa Baffa wani yare ta hanci, na ce to, yau ga Faransa. Sai ya zagayo baya ya ga Kaka, ya cire hula ya ɗan rusuna ya ce, "Iya, kun taho lahiya? Ina gajiyar hanya?" Kaka ta tambaye shi ɗan wane ne shi, kafin Baffa ya gama da takardu har ta gano ta san kakarsa, sun taɓa cin kasuwa ɗaya. Na duba ƙasa, irin yashinmu ne. Karan gero a tsaye a gonaki, irin namu. Wani jaki ya yi kuka, ban ji ya bambanta da na maƙwabtanmu ba. Raina ya ɓaci, na ji kamar an cuce ni.

Muna barin wurin sai Baffa ya karkata sitiyari ya tsallaka da mu ɗaya gefen hanya, ya miƙe a kai. A zamanin ba a yi canjin hannu a wajenmu ba, motocinmu hagu suke bi, nasu dama. Kaka ta saki carbi ta damƙi ƙarfen mota tana salati, ta buga rufin da hannu ta ce, "Kai, ka sha wani abu ne? Koma hannunka!" Baffa ya leƙo da kai yana dariya ya ce, "Iya, nan komi a juye yake. In na koma hannuna yanzu kamiyo ya take mu." Sai ga kuwa kamiyon, wato wata babbar mota, ta taho ta wuce mu ta gefen da ban saba ba. Daga nan idona ya buɗe. Na fara ganin duwatsu farare masu jan kai a bakin hanya, an yi musu rubutu. A Ɗan Isa Baffa ya sayo burodi dogo kamar taɓarya, ɓawonsa na fasa dasashi, Kaka ta juya shi ta ce wannan na korar kare ne, amma ita ta cinye rabi. Na ga 'yan makaranta, su lakwal suke cewa, suna tafe a jere suna rera wani abu ta hanci. Na ga Abzinawa a kan raƙuma, idanunsu kawai ake gani. Maganar Baffa ta zauna mini a rai. Na yi lissafi irin na yaro, na ce in dai a ƙasar nan mota na bin ɗaya hannun, burodi ya zama sanda, to ƙila a nan uwa na duban ɗan farinta ido da ido, har ta kira sunansa. Na matse madubin a aljihu har gefensa ya yi mini shaida a cinya.

Muka bar babbar hanya muka bi ta yashi, muka isa ƙauyen da hantsi. Baba da Baffa suka tsaya wajen maza a ƙofar gida, Kaka ta ja hannuna muka shiga. Tsakar gidan cike da mata, turame uku a jere ana dakan gumbar sadaka, hayaƙi, kukan jarirai, gaisuwa ta ko'ina. Kaka ta saki hannuna ta faɗa cikin tsofaffi ana ta Allah ya ji ƙan rai, ta manta da ni a tsaye. Ban san inda zan sa idona ba. Sai wata mata gajera mai wushirya ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta, ta taho da gudu, ta kira ni da sunana, sunana na yanka, cikakke, har da na ubana a bayansa. Ta rungume ni, jikinta na ƙamshin hayaƙi da man shanu, tana kuka tana cewa, "Ashe haka ka girma! Ashe haka ka girma, ɗiyana!" Ba wanda ya ce mini ga wance, ba wanda na tambaya. Na ce a raina Baffa ya yi gaskiya, nan komai a juye yake, ga uwata. Na ƙare mata kallo, na haddace wushiryar, da zanen da ke kumatunta, da wani ɗan tabo a gira. Da la'asar na ja ta bayan rumbu na kwance tsumman na miƙa mata madubin, na ce na kawo mata ne daga Jibiya, tantabaruna na bayar. Ta dubi madubin, ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana ta rufe. Can ta ce, "Allah shi yi maka albarka. Zai isa inda ka nuhe shi." Na ɗauka irin godiyar mutanen Faransa ke nan.

Kwana biyun nan ina manne da ita kamar ƙaska. Ita ke kawo mini fura a wata 'yar sabuwar ƙwarya, fura mai laushi da yaji daidai, ban taɓa shan irinta ba, ban kuma sake ba. Kowa a gidan ya ja ni a jiki, in ban da mace ɗaya. Doguwa ce, da baƙin zane na rini, kullum tana bakin turmi, kullum bayanta nake gani. In na matso wajen masu daka sai ta jingine taɓarya ta shige ɗaki, in na koma gefe ta fito ta ci gaba. Tana da wani siririn awarwaro a hannun hagu da ke ƙara in ta ɗaga taɓarya, tana jefa ta sama ta tafa sau biyu kafin ta cafe, dugaduganta duk faso. Abin da na sani game da ita ke nan, don ban ga dalilin zagayawa in dubi fuskar wadda ba ta son ganina ba. Har na ce wa mai wushirya, "Waccan matar ba ta son mutane." Ta yi wata irin dariya gajera, ta ce in shanye furata kada ƙuda ya faɗa.

Safiyar da za mu tafi, Baffa na waje yana fama da motar da ta ƙi tashi, ni kuma na zauna a kan wani turmi da aka kife a tsakar gida ina jira. Sai wani haske ya faɗo mini a fuska, ɗan zagayayye, yana rawa. Na kau da kai, ya biyo ni. Na sunkuya, ya sauko goshina, ya koma kunnena, ya dawo idona. Na waiwaya neman yaron da ke mini wasa da gwangwani, ban ga kowa ba, sai doguwar matar nan zaune a bakin ɗaki can nesa, ta ba ni baya kamar kullum, kanta a sunkuye. Hasken ya dame ni, idona har ya fara ruwa. Na yi tsaki, na ja hulata na rufe fuska, na tashi na fice wajen mota. Ban sake shiga gidan ba, mai wushirya ce ta fito har ƙofa ta raka mu, tana kiran sunana har muka sha kwana.

Ina ta murna a hanya, har waƙar 'yan lakwal na riƙa kwaikwayo ta hanci. Sai da muka iso tsamiya, tsohon nan ya ɗaga icce muka wuce, Baffa ya mai da mota hannunmu, sannan Kaka ta gyara zama ta ce, "To Maigida, ka ga uwarka, hankali ya kwanta?" Na ce na gan ta, gajera ce mai wushirya, kuma ita ba ruwanta, sunana take kira gaban kowa. Kaka ta tsaya da jan carbi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "La'ilaha illallahu. Wace uwa ce za ta kiri ɗan hwari da suna cikin taro? Waccan ƙanwarta ce. Uwarka ita ce doguwar, mai baƙin zane, mai daka."

Na ce, "Ba ki faɗa mini ba."

Ta ce, "Ana hwaɗa ma ɗa uwarsa? Wadda duk ta guje ka cikin gida ita ta haihe ka, wanga ko yaron goye ya sani. Hurar da ka kwana biyu kana sha, wa kake tsammani ya daka ta?"

Na buga rufin mota na ce a koma. Baffa ya tsaya, Baba ya leƙo, Kaka ta yi masa bayani a taƙaice. Bai dube ni ba, ya ce motar aro ce, mai ita na jira, baɗi in Allah ya kai mu a koma. Na waiwaya, tsohon ya riga ya sauke iccen a kan gangunansa, akuyar nan na kwance a ƙarƙashi tana tuƙa. Ban yi kuka ba. Na zauna a kan buhun da ya zama fanko, na yi ta ƙoƙarin juyo da matar nan a raina ta fuskance ni, ta ƙi juyowa, har muka shiga Jibiya.

Baɗin bai zo ba. Kafin gero ya sake nuna uwata ta rasu wajen haihuwa a garin mijinta, can ciki, labarin bai iso mu ba sai bayan an yi arba'in. Kaka ce ta faɗa mini, ta jawo ni jikinta tana hawaye, abin da ba ta taɓa yi ba. Na tsaya har ta gama, sannan na tafi na ba awaki ruwa, don lokacinsu ya yi. Mutane suka yi ta yaba haƙurina, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, ban san wadda zan yi wa kukan ba ne. Na girma na zama tela, na ƙetare iyakar nan ba adadi ina kai ɗinki kasuwannin can. Aka yi canjin hannu, motocinmu da nasu suka koma bin gefe guda, 'yan baya ba su ma san an taɓa tsallaka hanya a gindin tsamiya ba. Duk tafiya sai na biya wajen mai wushirya, wadda na koma kira Inna, in kai mata sabulu da turmin atamfa, mu yi hirar damina da ta jikoki. Shekara da shekaru ban taɓa ce mata yaya fuskar uwata take ba. Namiji da gemunsa ba ya wannan tambayar, ita ma ba ta taɓa ɗauko zancen ba. Yanzu ina ganin matan jikokina suna kiran ɗan fari da sunansa tun daga ɗaki har titi, suna sumbatarsa gaban surukai, hotonsa cike da waya. Tsofaffi irina na cewa kunya ta ƙare a duniya. Ni in aka fara wannan hirar sai in yi shiru, a ɗauka goyon baya ne.

Zuwana na ƙarshe wajen Inna, kafin hanya ta lalace, na tarar idonta ya kusa tafiya, wushiryar ma ba haƙoran da za su nuna ta. Ta sa aka fitar da kowa daga ɗakin, ta laluba ƙarƙashin gado ta jawo wata tsohuwar kwalla, ta fito da ƙullin tsumma ta ɗora mini a hannu. Tun kafin in kwance na san ko mene ne. Koren bayan ya goge, gefe ya yi tsatsa. Ta ce, "Tun bayan rumbu na gane ka ɓata hanya. Na so in hwaɗa maka, na ga murna cikin idonka, bakina ya yi nauyi. Na ce gobe. Goben kuma kunka tahi. Ka yahe mini." Na ce ba komai, ya wuce. Ta ce, "Bai wuce ba, saurara. A ranar na kai mata shi, na ce ɗanki ya ba da tantabarunsa ya kawo miki. Ta karɓa ta soke shi a zane. Sahiyar da za ku tahi ta zamna bakin ɗaki ta ba ka baya, ta hiddo shi, ta riƙa kallonka ta ciki. Duk kwana biyun nan sai rannan ta ga huskarka. Ta ce mini kunnuwan na ubanka ne, goshin nata ne. Ba ta san rana na bugun madubin tana kai maka ido ba. Tana cikin kallo ka ja hula ka ruhe huska, ka tashi ka hita. Ta daɗe riƙe da shi tana kallon turmin da ka tashi a kai. Da ciwon ajali ya kama ta, ta ce a maido mini shi, in ba ka in ka girma. Kunya ta hana ni, sai yau da na ji ƙamshin ƙasa." Na yi mata godiya, na sa madubin a aljihu, na tambaye ta ko an yi musu ruwa bana.

Shekaranjiya 'yata ta fari ta zo daga Daddara yi mini gaisuwar Inna. Ita ma yanzu ta yi jikoki, furfura ta fito mata a gaban goshi, irin goshin nan. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa faɗinsa da bakina ba. Ta gaishe ni daga nesa kanta a ƙasa, na amsa ina kallon katanga, ta koma tsakar gida ta zauna tana tsince wake tare da ƙannenta. Da hantsi na ɗauko madubin na zauna a bakin ɗakina na ba su baya. Rabinsa ya dushe, amma ɗaya rabin na nunawa. Na yi ta karkata shi har na samo ta. Ashe daga wannan nisan ba ya ɗaukar komai sai fuska ɗaya, ita ma sai hannu bai yi rawa ba. Na daɗe ina kallonta, yadda take tura baki in ta sami tsakuwa a waken, ban taɓa sanin tana haka ba. Sai na ga ta runtse ido, ta kare fuska da hannu ta ce, "Wane ɗan banzan yaro ne ke haska mini ido?" Ta ɗauki farantinta za ta koma inuwa. Na buɗe baki in kira sunanta, yana nan a kan harshena, cikakke. Abin da ya fito shi ne, "Ke, a kawo mini ruwan alwala." Ta ce, "To, Baba," ta aiko ƙanwarta da buta.